Tallar Garin Ɗanwake a Ƙarƙashin Ta'aziyya

Tasawa, 6 ga Nuwamba

Zuwa ga Tanti Zara'u,

Assalamu alaikum. Ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki, ni da ban kai ba, kuma a lokacin da kike cikin takaba. Ni ce Mardiya, ɗiyar 'yar'uwarki Hafsatu ta Urafane, wadda kakanninku mata suke ciki ɗaya. Ni ce na riƙe miki buta a bikin bara, har kika ce in rubuta miki adireshina na imel a bayan ambulan, ke ma kika ba ni naki. Ya haƙuri? Ya su Haisam? Allah ya jiƙan Baba Moctar, ya sa ya huta. Mu nan lafiya lau, an gama roron wake a gida, ni kuma ina aji na biyu a lise, babbar sakandare.

Tanti, na san kin ga abin da na yi. Ina so ki ji yadda aka yi, ba don in wanke kaina ba.

Sanarwar rasuwar da kika aiko ta imel ni na fara ganin ta, ranar Laraba, da aka buɗe mana ɗakin ordinatar, wato kwamfuta, na lakwal, makarantarmu. Da Asabar Inna ta zo kasuwa na faɗa mata. Ta zauna a bakin rumfa ta yi kuka. Ta sa aka kira salularki sau huɗu, a kashe take. Sai ta ce, "Ke da kika yi boko, ɗauko alƙalami. Ta hanyar da labari ya zo, ta nan gaisuwa za ta koma kafin in samu zuwa da ƙafata." Ta faɗa, ina rubutawa a bayan littafin lissafi. Ban canza mata kalma ko ɗaya ba. Ta ambaci damunar da na yi zazzaɓi mai tsanani ina shekara uku, Baba Moctar yana aiki a ƙauyukanmu, ya ɗaure ni a bayanta da rawaninsa ya kai mu Mayahi a kan moto, babur ɗinsa, cikin ruwa. Ni ban ma san da wannan ba sai ranar.

Laraba ta zagayo na buga shi a ordinatar. Akwai wuri biyu na amsawa. Ɗaya an rubuta répondre, wato a amsa wa mai saƙo kaɗai, ɗaya répondre à tous, wato a amsa wa kowa. Na ce a raina, ai gaisuwar mutuwa a gaban jama'a ake yin ta, ba a kebe mutum. Na danna na biyun. Ya tafi ga mutum ɗari da arba'in da uku.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma a farkon shekara malaminmu Mushe Halilu ya koya mana yadda 'yan kasuwa ke talla da imel. Ya ce kowa ya yi wa kansa abin da ake kira signature, wato 'yan layuka da ke manne wa ƙasan kowane saƙo da kansu, ba sai ka sake rubutawa ba. Ni na yi wa garin ɗanwaken da Inna da matan ƙungiyarsu ke sayarwa. Na sa haruffa ruwan ɗorawa manya, na sa lambar Inna, na sa hotonta tana riƙe da ƙwarya tana dariya har haƙoranta a waje. Na samu maki goma sha takwas bisa ashirin, Mushe ya nuna wa aji duka. Daga nan ban sake aika wa kowa saƙo ba, na manta da shi sarai.

Saboda haka a ƙarƙashin "Allah ya haskaka kabarinsa" ga abin da mutane suka karanta: "GARIN ƊANWAKE NA URAFANE! Wanda ya ci sau ɗaya sai ya dawo! Ku saya yau, kada a ba ku labari!"

Ban gani ba sai da ya tafi. Na tambayi Mushe ko ana iya dawo da saƙo, ya ce a'a, ya ce mene ne, na ce ba komai. Na fita na tsaya bayan aji har aka tashi.

Inna ba ta san komai ba. Ba ta iya karatu ba, amana ta ba ni. Duk wanda zai zagi wani a kan wannan, ni ya kamata ya zaga. Na rubuto a takarda don hannuna ya ƙi komawa wancan wurin. Zan ba Jibo direba, ya ce ya san unguwarku a Yamai.

Ɗiyarki mai jin kunya,
Mardiya

*

Tasawa, 21 ga Nuwamba

Tanti Zara'u,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri, ya gida? Ina fata kina samun barci da cin abinci. Ni lafiyata lau, sai dai abin da ke raina.

Yau kwana goma sha biyar ban ji daga gare ki ba. Na je tasha sau uku. Jibo ya ce shi ya miƙa takarda a hannun wanda ya buɗe ƙofa, har ya ce, "'Yar boko, ko takardar neman aiki ce kike ta sintiri haka?" Na san ba ni da hakkin a ba ni amsa. Da ba don abubuwa biyu sun faru ba, da ban sake damun ki ba.

Na farko, wata mata ta kira Inna daga Yamai ta ce ta ga garinta a intanet, tana son tiya biyar. Inna ta aika mata. Yanzu duk Urafane ba gidan da bai ji ba. Ta tsaya a bakin rijiya tana cewa, "Ku da kuka ce karatun ɗiya mace ɓata lokaci ne, ga shi garina ya je Yamai ina zaune." Da na je gida ran Asabar matan ƙungiya suka yi mini guɗa. Tanti, da ƙasa za ta tsage da na shige.

Na biyu ya fi muni. Kin san za a yi addu'ar arba'in a Mayahi, a gidan Alhaji Manzo, yayan marigayi. Inna ta ware geron da za ta kai tun tuni. Ran Asabar ɗin nan wani mai amalanke ya kawo mata saƙo daga gidan, wai Alhaji ya ce ta huta, kada ta wahalar da kanta, tun da kasuwa ta buɗe mata. Inna ta yi ta juya maganar. Ta ce mini, "Ko don ban je da wuri ba ne? Ko gaisuwar ba ta isa ba? Mardiya, kin tabbata kin aika?" Na ce na aika. Wannan gaskiya ce, amma na ji ta a bakina kamar ƙarya. An gaya mini Alhaji ya sa an fitar masa da saƙon a takarda, yana yawo da ita a aljihu yana nuna wa dangi.

Ga abin da na yi niyya. Na rubuta takardar neman gafara, ƙawata Fatiha ta duba mini ita, da Hausa da Faransanci. Zan aika wa mutum ɗari da arba'in da ukun nan duka, in ce laifina ne, ba na mahaifiyata ba. Tun da a gabansu na ɓata, a gabansu ya kamata in gyara. In Allah ya sa abin ya mutu a nan, Inna ba sai ta ji ba.

Laraba mai zuwa ake buɗe mana ɗakin. Idan ban ji daga gare ki ba kafin nan, zan ɗauka ba ki hana ba.

Ɗiyarki,
Mardiya

*

Yamai, 24 ga Nuwamba

Mardiya ɗiyata,

Wa'alaikumus salam. Haƙuri da godiya. Muna nan lafiya, Haisam ya koma karatu. Ki gai da mutanen gidan da kike zaune.

Kafin komai: kada ki aika. Ko kin riga kin buga, ki goge. Shirun da na yi ba izini ba ne. Takardarki ta farko cikin tarin takardun gaisuwa aka jefa ta, sai jiya da ta biyu ta zo na sa aka tono ta. Ke ba ki da salula, in kuma na kira Hafsatu sai na faɗa mata dalili, wannan kuwa ba bakina ya kamata ya fito ba. Ina roƙon Allah motar Jibo ta riga Laraba.

Ba zan ce miki abin bai yi mini ciwo ba. Kwana tara da rasuwa Haisam ya kawo mini ordinatar ya ce, "Mama, dubi wannan." Na ga ruwan ɗorawa, na ga Hafsatu tana dariya. Ban karanta na sama ba, na rufe. Abokan aikin baban Haisam suna cikin jerin, har da na ƙasashen waje. Mutum biyu suka tambaye ni ko an sace mini adireshi ne. Na yi fushi da uwarki kwana da kwanaki, alhali ba ta san hawa ba. Jiya na koma na karanta abin da ta faɗa. Ni kaina ban san zancen rawanin nan ba. Bai taɓa ba ni labari ba, haka yake.

Kuma rabin laifin nawa ne. Shekara goma sha ɗaya aikina ke nan, ni ke rubuta saƙon wata-wata na wani kanti zuwa ga masu sayayya. Na san akwai wurin da ake ɓoye sunaye, Cci, don kada kowa ya ga adireshin kowa. Ran nan hankalina ba ya jikina, na zuba mutane duka a fili. Da na ɓoye su, da ni kaɗai zan ga Hafsatu da ƙwaryarta.

Ga dalilin da na ce kada ki aika. Yawancin mutanen nan sun manta. Wasu ba su ma buɗe ba. In kika sake shiga musu, sai wanda bai gani ba ya koma ya nemo. Kuma ba su ba ki adireshinsu ba, ni suka ba, ni ma don wata hulɗa dabam. A aikina duk wanda nake rubuta wa shi ya kawo sunansa da kansa, kuma a ƙasan kowane saƙo akwai inda zai danna ya ce ya gaji, in cire shi ba gardama. Ki tuna 'yan tallan Urafane. Suna shiga gida-gida, gaskiya ne, amma sai an amsa sallama, kuma ba wadda za ta shiga gidan makoki da faranti a ka. Mushenku ya koya muku faranti, ban sani ba ko ya kai ga sallama.

Mutum ɗari da arba'in da uku ba su ne damuwarki ba. Mutum biyu ne. Ta farko uwarki. Hotonta ne, sunanta ne, ita kaɗai ce a dangi ba ta sani ba, ana yi mata kallo tana gaishe da mutane. Ki faɗa mata da bakinki, wannan Asabar ɗin. Na biyu Alhaji. Shi ya raini baban Haisam tun yana goye, zafinsa ya fi na kowa. Ni ina cikin takaba, ba zan fita ba, kuma ko na rubuta masa cewa zai yi ina kare dangina. Abin da za a yi da shi, ki bar wa Hafsatu. Ta fi ni da ke sanin yadda ake shiga zaure.

Ni na yafe. Ki ci abinci, ki yi karatunki.

Taki,
Zara'u

*

Tasawa, 8 ga Disamba

Tanti Zara'u,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri, ya su Haisam? Inna tana gaishe ki sosai. Muna lafiya, mun dawo daga Mayahi lafiya.

Takardarki ba ta riga Laraba ba. Motar Jibo ta lalace a hanya, sai Alhamis da la'asar ta iso. Ran Laraba na shiga ɗakin, na buga neman gafarar duka, na zuba sunayen. Fatiha na gefena tana cewa, "Danna mana, a wuce wurin." Na ce bari in sake dubawa daga sama har ƙasa. Da na gangara, Tanti, sai ga Inna da ƙwaryarta tana dariya a ƙarƙashin "ku gafarce ni". Ashe ban taɓa cire shi ba. Tsoron buɗe wurin ya hana ni gyara shi. Na janye hannuna na sa a ƙarƙashin cinyata. Fatiha ta toshe baki tana dariya har hawaye. Na goge komai. Na je wajen Mushe Halilu na faɗa masa gaskiya, ya nuna mini inda ake cirewa. Sannan ya ce mako mai zuwa zai ƙara darasi ɗaya, ba zai ambaci sunana ba.

Ran Asabar na tarar da Inna tana tankaɗe. Na durƙusa na faɗa mata tun daga farko. Ba ta ajiye rariya ba sai da na kai ƙarshe.

Ta ce, "Da hotona?"

Na ce e.

"Wanda nake washe baki?"

Na ce shi.

"Mutum nawa?"

Na faɗa mata. Ta ce, "Sun fi unguwarmu yawa." Can ta ce, "Matar Yamai da ta sayi gari, a nan ta gan ni?" Na ce a nan ne. Ta ce, "To, na ci kasuwa a gidan mutuwa ban sani ba, har ina yi wa mata gori a bakin rijiya." Na so ta doke ni, ba ta doke ni ba. Ta ce abin da ya fi ƙona ta shi ne kusan mako huɗu na sani, ina kallon ta tana tambaya. Ranar ba ta sake yi mini magana ba. Da safe ta ce in wanke hijabina, jajibirin arba'in za mu Mayahi, an gayyace mu ko ba a gayyace mu ba.

Moto ɗaya muka hau, buhun gero a tsakaninmu. Mun tarar da Alhaji a zaure da dattawa biyar. Muka cire takalma muka durƙusa daga bakin ƙofa. Inna ta yi gaisuwa, ya amsa a gajarce yana kallon tasbaharsa.

Ya ce, "Hafsatu, ai na aika a ce ki huta. Ko gari kika kawo mana? Mu nan ba mu saye."

Wani dattijo ya yi tari. Inna ta ce, "Gero na kawo, Alhaji, na sadaka. Kuma na kawo mai laifi, ni da ita. Maganar sama tawa ce, sana'ar ƙasa ma tawa ce, ba na musun ko ɗaya. Yarinya ce ta haɗa su inda bai kamata ba, ni kuma na aiki takarda inda ƙafa ya kamata ta je."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da takardar. Ta yi laushi don ninkewa. Ya miƙo mini ya ce, "Ke ce malamar? To karanta mana, kowa ya ji. Da ƙarfi, kunnena ya tsufa."

Tanti, ban san yadda muryata ta fita ba. Na fara daga sama. Na karanta gaisuwar, na karanta addu'ar. Na zo wurin da Inna ta ce, "Ya kwance rawaninsa ya ɗaure mini ɗiya a baya, ya tuƙa mu cikin ruwa kansa a buɗe, da muka isa bai tsaya an gode masa ba." Sai na ji tasbahar ta daina motsi.

Ya ce, "Wane rawani?"

Inna ta ce, "Fari ne mai bakin zare shuɗi. Yana nan cikin adakata, ya ƙi karɓa."

Alhaji ya ce, "Nawa ne. Ni na ba shi ran da ya fara aiki. Ya ce mini ya ɓata." Ya juya fuskarsa wajen bango. Ina ganin har ranar bai taɓa karanta saman takardar ba, ko ya karanta idonsa na ƙasa.

Na ci gaba don bai ce in bari ba. Na karanta "Allah ya haskaka kabarinsa". Na ja numfashi zan shiga manyan haruffan, sai ya ce, "Tsaya nan." Ya karɓi takardar ya ninke ta daidai ƙarƙashin addu'ar, ya bi ninkin da farce, ya yage ta biyu. Ya mayar da na sama aljihu, ya miƙo mini na ƙasa.

Ya ce, "Wannan naki ne, ki kai shi kasuwa. Wannan nawa ne." Sannan ya ce da Inna, "Shiga ciki, Hafsatu, mata na daka, hannu bai ishe su ba."

Inna ta yi daka har tafin hannunta ya yi ja. Washegari aka yi addu'a, ta zauna cikin dangi a tabarma ɗaya. A hanyar dawowa ta ce za ta wanke rawanin ta aika wa Alhaji. Ta kuma ce hoton nan kada ya sake fita sai na nuna mata inda za shi. Har yanzu ba ta koma kirana 'yar boko kamar yadda ta saba ba, Mardiya kawai take cewa. Na san sai a hankali.

Guntun takardar yana cikin littafin lissafina. Akwai mutum biyu da suka rubuto tun farko suna tambayar garin, ban amsa musu ba don kunya. Inna ta ce tun da su suka yi sallama a amsa musu, kowa shi kaɗai. Na yi haka, na duba ƙasan saƙon sau uku kafin in danna. Sauran adireshin duka na goge su, ban bar ko ɗaya ba.

Naki ne kawai ban goge ba, kuma ban taɓa shi ba. A bara kika ba ni shi, kafin in yi abin da na yi, saboda haka ban ɗauka kyautar tana nan ba. Tanti, in kin fita takaba, ko kin yarda in riƙa rubuto miki, ko da sau ɗaya a wata? Ba zan ɗauki shiru a matsayin amsa ba. Zan jira har sai Jibo ya kawo mini e ko a'a.

Ɗiyarki,
Mardiya